Kwana Ashirin da Ɗaya a Kan Mangwaron Yaya Sale

Kun girma kuna jin ana cewa Baffanku Sale ya daina zuwa gidan nan ne saboda an kama shi yana nunar da mangwaro da sinadarin kabayid, kunya ta hana shi haɗa ido da ni. Ba ni na ƙirƙiri wannan magana ba. Amma a gabana aka riƙa faɗinta, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makokinsa, ban taɓa buɗe baki na ce ƙarya ce ba. To, ƙarya ce. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, ba ni da sauran muƙamin da zan kare, gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin 'ya'yansa, don su ba za su sassauta mini ba, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Yaya Sale ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi bai yi boko ba, ni ya tura. Da kwando ɗaya a ka ya fara, ya zo Zuba tun kasuwar kayan marmari ba ta wuce 'yan rumfuna a bakin titin Kaduna ba, har ya kai ga sayen lambu sukutum a jiharmu tun mangwaro yana fure, in ya ƙosa a tsinke, a loda a manyan motoci, a yi tafiyar yini guda da shi zuwa Zuba. Yana da wata al'ada da bai taɓa fashi ba. Duk bazara, kwandon farko da aka sauke daga motar farko ba a sayar da shi, nan Karu yake kawo shi da kansa, ya dire a tsakar gida ya ce da mahaifiyarku, “Rakiya, ga na masu boko, a ba su su ji daɗin ƙasa.” Manyanku za su tuna yadda kuke rububin binta suga, ruwan yana bin gwiwar hannunku, shi yana zaune a tabarma yana dariya, don bai yarda da kujerun falona ba.

Ni kuwa a lokacin na shafe shekaru a wata ma'aikatar tarayya, a sashen tsara dokoki. Aikina shi ne in mayar da abin da manya suke so ya zama sashe da ƙaramin sashe. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Amma na gaji da rubuta dokokin da suke kamar kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. A shekarar da nake ba ku labari, ɗan ƙanwar mahaifiyarku ya rasu bayan an ba shi jabun maganin zazzaɓi. An san kantin, an san mai kantin. Kafin a samo takardar kotu ta binciken wurin, an kwashe kayan tas, mutumin ya buɗe wani kanti a wata unguwa ya ci gaba da harkarsa. Na je ta'aziyya na dawo, na kasa daina tunanin kantin nan.

Ana cikin haka sai Antoni Janar na jiharmu ya neme ni. Tare muka yi makarantar lauyoyi, ya riga ni gane cewa siyasa ta fi biro ƙiba. Kamar yawancin manyan jiharmu, aikin jiha a Abuja ya fi yin sa. A wani ɗakin otal mai sanyin na'ura ya zaunar da ni, ya ce gwamna yana son doka da za ta ba ofishinsa ikon kare jama'a kai tsaye daga masu jabun magani, da gurɓataccen abinci, da masu nunar da kayan marmari da farin dutsen nan na masu walda, wato kabayid.

“Barista, ka yi mata haƙora,” in ji shi. “Kada ka kawo mini wadda za a je kotu a yi shekara ana ɗage zama.”

“Ranka ya daɗe, sai dai ka ce sun yi tsini da yawa,” na ce.

Haƙora biyu na yi mata, kuma ina alfahari da su. Na farko: in an kai ƙorafi, jami'an Antoni Janar suna iya garƙame kanti, ko sito, ko mota da kayan da ke ciki, ba sai sun jira kotu ba, har kwana ashirin da ɗaya, kafin ɗakin gwaje-gwaje ya faɗi abin da ya gani. Na biyu shi ne wanda na fi ji da shi: babu mahalukin da zai iya cire kwaɗon kafin sakamakon gwaji ya fito, ko da Antoni Janar ne da kansa. Na san mutanenmu. Na san ana garƙame kanti da hantsi, kafin azahar wani babba ya ɗaga waya a buɗe. Na rantse sai na toshe ƙofar alfarma, na kuwa toshe ta da siminti. A wurin lauya kwana ashirin da ɗaya ba komai ba ne. Mu da muka saba a ɗage shari'a wata uku muna godiya, mako uku a idonmu kamar gobe ne.

Mutum biyu suka ja kunnena. Ta farko Madam Rahila ce, abokiyar aikina, 'yar Filato, wadda take duba mini daftari in na gama. Ta shigo ofishina da takardun, ta sa yatsa a kan sashen.

“Oga, wannan section ɗin akwai wahala fa. Magani zai iya zauna three weeks, ba komai. Amma tumatir fa? Mamana yana sayar da tumatir a kasuwan Karu, in ka kulle shi kwana uku sai dai ka kawo shebur.”

Har ta rubuto wani ɗan ƙaramin sashe da fensir a gefe, cewa kayan da ke saurin lalacewa a gwada su cikin kwana biyu ko a sake su. Na karanta, na ɗauki jan biro na ja masa layi a gabanta. Na ce mata duk ɓarawo zai ce kayansa masu lalacewa ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta dube ni, ta tattara takardunta.

“To, oga, kai ne senior,” ta ce, ta fita.

Na biyu Yaya Sale ne. Ya kawo kwandon farko na wannan bazarar ya tarar da ni a tsakar gida takardu baje a gabana. Da ɗokina na karanta masa, ina fassarawa sashe-sashe, don na san ya tsani masu kabayid fiye da yadda na tsane su. Su ne suke ɓata wa masu gaskiya kasuwa, su fito da mangwaro jawur a waje, ciki ɗanye sharaf. Shi nasa a cikin ganye da buhu yake rufe shi, ya bar shi ya nuna don kansa. Ya saurara har na kai ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu cikin kwando ya ɗauko ɗaya, ya danna da babban yatsa kusa da hancinsa, ya miƙo mini.

“Habu, wannan kwana nawa gare shi?”

Na ce ban sani ba.

“Uku. Na ƙasan kwandon biyu. Kai kuma ka ce ashirin da ɗaya. Mangwaro ba ya jiran alƙali, Habu.”

“Yaya, wanda bai sa kabayid ba me zai ji tsoro?”

“Zai ji tsoron maƙwabcinsa,” ya ce. “Kai a ofis kake, ba ka san kasuwa ba. In ƙorafi kawai ake buƙata, ai ƙorafi ba ya tsada.”

Abin da na mayar masa har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse. Dariya na yi, na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, shi ya riƙe kwando ni in riƙe doka. A gaban mahaifiyarku na faɗa. Mutumin da ya ɗauki kwandon a ka don in riƙe biro. Ya nemi buta ya yi alwalar la'asar.

Majalisar jiha ta amince da dokar ba tare da an taɓa ko waƙafi ba, don ba na jin akwai wanda ya karanta ta har ƙarshe. Aka yi ta yabona. Aka gayyace ni taruka a manyan otal-otal na Abuja ina bayani, ana tafi. Kuma don kada in yi wa kaina ƙarya ta wani gefen, dokar ta yi aiki. An garƙame sito-sito na jabun magani, kayan suka kasa tafiya ko'ina, aka hukunta masu su. Akwai yaran da suke raye yau saboda ita, na yarda da wannan. Shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai, don da dokar banza ce da na zage ta na huta.

Bazara ta zagayo. Wata Juma'a da hantsi ina ofis waya ta shigo, Yaya Sale. An tare motocinsa uku a bakin iyakar jiha, an karkata da su cikin wani fili mai shinge, an zagaye su da sarƙa an ɗana kwaɗo, an manna takarda. Wani ne ya kai ƙorafi cewa akwai kabayid a ƙarƙashin kwandunan. Daga baya kowa a Zuba ya san ko wane ne, wani dillali da suka yi takarar lambu ɗaya Yaya ya riga shi. A cikin motocin nan uku akwai amfanin shekararsa gaba ɗaya.

“Habu, ban taɓa roƙonka komai ba,” ya ce. “Ka kira abokinka. Ba cewa na yi a sake ni ba. Su zo su duba yau, su fasa duk kwandon da suke so, in sun ga ko ƙwaya ɗaya su ɗaure ni.”

Ga gaskiyar da na fi ɓoyewa: ban kira ba. Ran nan ban kira ba, washegari ma ban kira ba. Na shekara ina yawo ina shelar cewa dokata ba ta san ɗan'uwa ba, yaya za a ji cewa ni ne na fara neman alfarma? Ana kuma raɗe-raɗin za a ba ni wani muƙami. Na gaya wa kaina gaskiya nake karewa. Sunana nake karewa. Na ce da Yaya ya yi haƙuri, tunda kayansa lafiya suke gwaji zai wanke shi.

Mahaifiyarku ba mai yawan magana ba ce, kun sani. A rana ta uku da safe ta ajiye mini shayi, ta tsaya a kaina.

“Abban yara, gwaji zai wanke Yaya. Wa zai wanke mangwaron?”

Na yi kamar ina karanta jarida.

“Rigar lauyan da ke rataye a ɗakin can warin lemo take yi da ayaba, in kai ba ka ji ni ina ji. Ka ɗaga waya.”

Na kira. Antoni Janar ya saurare ni da kyau, ya jajanta, har ya ce ya san Alhaji Sale mutumin kirki ne. Sannan ya yi wata 'yar dariya da ba zan manta ba.

“Barista, kai fa ka ɗaure mini hannu. In na sa aka cire kwaɗon nan kafin sakamako, ni ma na karya doka, kai ka rubuta hukuncin. Ka manta?”

Ban manta ba. Na san lambar sashen, na san ranar da na rubuta shi, na san irin daɗin da na ji. Na roƙe shi a gaggauta gwajin. Ya ce zai yi magana. Ɗakin gwajin ɗaya ne a jihar, akwai layi, sinadarin da ake gwadawa da shi ya ƙare an aika a sayo, mai sa hannu ya tafi taro, a Abuja ma kuwa. Na garzaya na sa wani lauya ya shigar da buƙata a kotu. Aka ba mu rana, bayan mako biyu, magatakarda yana ganin ya yi mana kirki.

Ban je filin ba. Na ce aiki ya riƙe ni, alhali kunya ce ta hana ni. Matar Yaya ce ta ba mahaifiyarku labari daga baya. Yaya Sale bai bar wurin ba. Ya shimfiɗa tabarma a jikin shingen, a nan yake salla, a nan yake cin abin da ya samu, yana kallon motocinsa a cikin ranar bazara. A kwanakin farko ƙamshi ne ya cika filin, har jami'an suna zolayarsa ya sam musu. Sai ruwan ya fara ɗiga ta ƙarƙashin motocin, ya yi hanya a ƙasa. Sai ƙuda. Sai tamfol ɗin da aka rufe kayan da shi ya lotsa ciki, kullum yana ƙara yin ƙasa. Masu gadin suka janye bencinsu can nesa suna toshe hanci. Shi bai matsa ba.

A rana ta goma sha tara sakamako ya fito. Babu kabayid, babu alamarsa. Aka ba shi takarda mai hatimi, da Turanci mai kyau, irin wanda nake rubutawa, cewa an same shi ba shi da laifi kuma yana iya kwashe kayansa. Dokar ba ta ce komai ba game da wanda aka garƙame bisa kuskure, ba ta kuma tanadi hukunci ga mai ƙorafin ƙarya ba. Ban yi tunanin su ba. Kwana biyu ma suka rage daga cikin ashirin da ɗayan, don haka a kan takarda an yi masa adalci da wuri.

Bayan kwana huɗu, ranar Asabar da hantsi, aka buga ƙofar gidan nan. Na fita na gan shi tsaye da kwando a ka, shi da ya daɗe da daina ɗaukar kaya da kansa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce ya shigo. Ya sauke kwandon a bakin ƙofa, daidai kan dokin ƙofar, bai tsallako ba. Ƙwallayen mangwaro ne cike, an wanke su, sun bushe fari fat. A samansu ga takardar mai hatimi a ninke.

“Ga na farko na bana,” ya ce. “Ban taɓa fashi ba, ba zan fara yanzu ba. Shi ne abin da dokarka ta adana mini.”

“Yaya, ka shigo mu yi magana.”

“Mun yi magana bara, Habu, a tsakar gidan nan. Ka ce in riƙe kwando. Ga shi na riƙe.”

Ya leƙa ta kafaɗata ya gaisa da mahaifiyarku, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ya juya. Wannan ne tsayawarsa ta ƙarshe a ƙofar gidan nan.

Bai sake tashi a kasuwa ba. Ya sayar da gidansa na Zuba ya sallami masu lambu da masu motoci, ya kama haya a Jikwoyi, ya kafa tebur a bakin titi yana sayar da lemo da kankana a yanke. Daga nan Karu zuwa teburin nan ba nisa, kun sani, amma shekara tara muka yi a haka. Na je sau da yawa. Yakan tashi ya ba ni benci, ya amsa gaisuwa, ya zaɓo mini lemo mai kyau, ya ƙi karɓar komai daga hannuna. Zumunci bai yanke ba, ba ya wasa da wannan. Amma bai ƙara kirana Habu ba, sai Barista, kamar kowa. A kasuwa kuwa labarin garƙamewar ya riga takardar wankewar isa, kuma takarda ba ta da baki. Ni ke da bakin, ni ke da kwafinta a cikin durowa, na bar ta a nan. In na ce shi mai gaskiya ne, sai a tambaya to laifin wa.

Na rubuta gyara. Ƙaramin sashen Madam Rahila na ɗauko, kalma da kalma yadda ta rubuta da fensir, na aika. Abokina ya riga ya bar kujerar ya tafi neman wata, wanda ya gaje shi ya ce ba ya son a ce ya cire wa doka haƙori. Muƙamin da na yi shiru dominsa wani aka ba. Iyakar sanina sashen yana nan yadda na bar shi, kuma duk bazara akwai wanda yake zaune a jikin wani shinge yana kallon motarsa.

Kwandon ƙwallayen na ce a zubar. Mahaifiyarku ba ta zubar duka ba. Ta ɗauki ɗaya ta binne a bayan madafa, tana zuba masa ruwan wanke-wanke, ba ta gaya mini ba sai da ya yi ganye. Ita ce bishiyar da ke tsakar gida, wadda 'ya'yanku suke jifa in sun zo hutu. Kun sha tambayata me ya sa ba na shan mangwaron gidana, nakan ce likita ne ya hana. Babu likitan da ya hana ni.

Kwafin takardar yana cikin ambulan a bayan wannan littafi. Ku kai wa 'ya'yan Baffanku a Jikwoyi, ku karanta musu da ƙarfi a gaban mutane, ku ce ni na aiko ku. Bishiyar kuma kada wanda ya sare ta, ko gidan za a sayar a sa wannan a cikin sharaɗi. Duk bazara kwandon farko nasu ne. Ranar da aka tsinka, ranar za ku kai, kada ku ce sai an samu lokaci. Kwana uku gare shi, na ƙasan kwandon biyu.